Kamu Ɗaya na Furen Mulla

"Amme, me ya sa Kawu Sudhi yake kawo wa Anti Jisha fure kullum, ke ba ya kawo miki?"

Ludayin da nake zuba kunun shinkafa da shi ya tsaya cak a hannuna.

Ɗiyata Minnu, mai ce mini Amme, wato Mama, ba ta iya tambaya a hankali ba. Shekararta biyar, amma muryarta ta mai tallan kifi ce. Tsofaffin matan da ke zaune a baranda, kowacce a kujerarta nesa da 'yar'uwarta kamar yadda likita ya ce, duk suka ɗago kai. Har waɗanda ke cewa ba sa ji.

"Sha kununki, mole," na ce mata. Mole na nufin 'yata a yarenmu.

Malama Sarojini, wadda ta gama rayuwarta tana amsa tambayar yara a aji, ita ta amsa a madadina.

"Uwarki ba ta sa fure, yarinya. Tun da babanki ya rasu."

A daidai lokacin Jisha ta ratso barandar da tiren magani. Ƙamshin ya riga ta isowa. Farin furen mulla ne, wato yasmin, an jera shi a zare, kamu guda cif, an naɗe shi a gindin kitsonta, sabo, har da raɓa. Takunkumi ya rufe bakinta, sai dai ba a ɓoye murmushi a ido.

"Chechi, kar ki sa maganar yara a ranki," ta ce da ni, don Chechi, wato yaya, take kira na. Ta ɗan taɓa furen da bayan hannu. "Ni ma ba roƙonsa na yi ba..."

Na ci gaba da zuba kunu.

Na zuba wa wata sau biyu, na tsallake wata.

Sunana Ambili. Mijina ya faɗo daga saman gini a Sharjah Minnu tana goye, gawarsa ta dawo mini a akwati. Da dangin miji suka fara ƙirga lomar da muke ci, na nemi aiki a gidan tsofaffin nan da ke bakin kogi a wajen Thrissur, saboda suna ba da ɗaki. Ni ke yi wa matan wanka, in shafa musu man kwakwa a ka, in taje, in riƙe musu waya idan 'ya'yansu sun kira daga Dubai ko Kanada.

Sudhi kuwa direban adaidaita ne. Shi ke kawo mana cefane, shi ke kai Minnu makaranta. Mutum ne mai ƙarancin magana, sai da ya shekara yana kawo albasa kafin ya iya cewa yana so na. Na ce masa ni ba ni kaɗai ba ce. Ya ce ya sani, ai ita ya fara so, ni na biyo baya.

Mahaifiyarsa ta ce sam. Ɗanta bai taɓa aure ba, ba zai fara da matar da mijinta ya mutu ba, ga agola. Tana da wadda ta zaɓa masa, 'yar ƙawarta, ma'aikaciyar jinya, budurwa, mai gashi har gadon baya.

Jisha ke nan.

Muna cikin wannan jan-in-ja korona ta shigo, aka sa dokar kulle. Aka rufe ƙofar gidan, mu ma'aikata muka zauna ciki gaba ɗaya. Da mai dafa abinci ya kwanta zazzaɓi, aka ƙara da cewa ba mai tsallaka tsakar gida, maza a gininsu, mata a nasu. Sudhi ya samu izinin kawo kaya, amma iyakarsa teburin bakin ƙofa. Jisha ce kaɗai ke zuwa karɓa, ita ke fesa wa komai magani kafin ya shigo.

Ni kuwa daga tagar ɗakin wanki nake ganinsa.

Zai sauke buhu, ya sauke kwalin magani, daga ƙarshe ya zaro ɗan ƙullin ganyen ayaba daga aljihun gaba, ya ajiye a hankali kamar ƙwai. Ya yi mata magana. Ta sunkuyar da kai tana dariya. Kafin rana ta yi tsaka furen yana kanta.

Ran farko na ce wa kaina ba komai.

Rana ta biyu na ƙone rigar Malama Sarojini da dutsen guga.

Duk kasuwar fure a rufe take a lokacin, motocin da ke kawo shi daga Tamil Nadu sun daina zuwa. Wannan mulla na gida ne, na san bishiyar, tana bakin rijiyar gidansu. Na kuma san ɗaurin. Ƙulli ƙanana a jere, ba wanda ya fi wani, hannun mahaifiyarsa ne. Wato uwa ta tsinka, ta ɗaura, ɗa ya kawo, amarya ta sa. Ni ce kawai ba a gaya wa ba.

Yakan kira ni da yamma. Na daina ɗauka. Da ya matsa na ɗauka sau ɗaya.

"Ambili, lafiya? Minnu fa?"

"Minnu ba abin wasa ba ce, Yaya Sudhi. Kar ka ƙara kira."

Ya ce in mahaifiyarsa ce ta sake aiko da wata magana in yi haƙuri, yana kan lallashinta. Na kashe wayar. Ban ambaci fure ba. Da wane baki? Macen da ba ta isa ta sa fure ba, ta tsaya tana tambayar inda fure ya tafi? Ina da ɗiya da ta fara zana mutum uku a littafinta, biyu manya ɗaya ƙarama. Na ce gara ta yi kukan yanzu da tana da biyar, ta manta, da ta yi shi tana da goma.

Amma kishi bai san wannan lissafin ba. Ina tsaye ina taje kan tsohuwa sai in ji ƙamshin ya wuce ta bayana, hannuna ya yi nauyi, tsohuwa ta ce, "Ke, kaina ne ba kwakwa ba."

Jisha ba ta taɓa faɗin komai kai tsaye ba, ta fi haka wayo. Sai dai ta tsaya inda zan ji, ta ɗaga waya ta ce, "Amme, na sa, ya yi kyau, yanzu zan turo miki hoto." Amme fa take ce wa uwarsa!

A ɗakin ƙarshe na gininmu akwai wata da ciwonta ya fi nawa, Kalyaniyamma. Ta haura tamanin, gwiwoyinta sun ƙi, kunnenta ɗaya ya mutu, ɗayan sai an yi ihu. Ita da mijinta Sukumaran Mash, tsohon malamin lissafi (Mash ɗin ma malam yake nufi), tare 'ya'yansu suka kawo su. Kafin kulle, kowace safiya Mash zai dogara sandarsa har bakin haikali ya sayo mulla kamu ɗaya, ya kawo, ya ajiye a gefen kofin shayinta ba tare da ya ce komai ba. Ita ma ba ta cewa na gode. Sai dai ta ce ya bari an cuce shi, na jiya ne. Haka suke tun ranar da aka ɗaura musu aure.

Da aka raba gine-ginen, Mash ya koma bene na sama a ɓangaren maza saboda ƙirjinsa. Tagarta ba ta kallon can. Tagar Malama Sarojini ce ke kallo.

Malama Sarojini kuwa ba ta iya riƙe labari ba. Kullum sai ta aiko a gaya wa Kalyaniyamma cewa ta ga Mash a baranda, lafiyarsa lau, har ya ɗago mata hannu.

"Ya ɗago mata hannu," in ji Kalyaniyamma. Ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, sai dai mutumin nan. "Mutumin nan yana da ƙarfin ɗaga wa malamai hannu. Ƙarfin aiko da fure ne ba shi da shi."

Na yi mata ihu a kunne cewa kasuwa a rufe take. Ta ce lokacin ambaliya ma kasuwa ta rufe, ya shiga ruwa har ƙugu ya tsinko a gidan maƙwabta. Ta nuna ƙofa da haɓa, inda Jisha ta wuce.

"Waccan a ina ta samu nata? Direba ya san hanya, malamin lissafi bai sani ba?"

Mu biyu muka zauna muna shaƙar ƙamshin da ba namu ba.

Duk lokacin da mai kula da maza ya kira ta wayar gidan don Mash ya gan ta, sai ta juya fuska bango. Ta ce a kai wa Sarojini. Muka yi ta dariya da farko. Daga baya ta fara rage abinci. Ta bar kifi, ta bar shayi, ta koma cokali biyu na kunu. Wata safiya ina shafa mata mai ta kama hannuna, ta tambaye ni da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Mole, ki gaya mini gaskiya. Ya mutu ne kuke ɓoye mini? Mai rai ba zai daina ba..."

Ranar likita ya duba ta ta waya, ya ce in ba ta ci ba zuwa ƙarshen mako sai asibiti. Kowa ya san abin da asibiti yake nufi ga mai tamanin a wannan lokacin.

Ni ba na jiran izini idan rai ne a gaba. Washegari da hantsi, ana tsuga ruwan farkon damina, na zaunar da ita a kujera, na juya ta bayanta gare ni kamar zan taje mata kai. Na riga na shirya da mai kula da maza. Na jingina wayar da kwalbar mai a gabanta, na ƙure sauti, na riƙe kanta da hannu biyu yadda ba za ta juya ba.

Fuskar Mash ta cika wayar, hanci da tabarau kawai ake gani don ya matso da yawa.

Ya daɗe yana kallonta.

"Kalyani, kin rame," ya ce. Sai ya ɗaure fuska irin ta aji. "Ina furen? Me ya sa kanki yake haka?"

"Me ya ce?"

Na maimaita mata a kunne.

"Ka tambayi Sarojini!"

"Wace Sarojini? Ni fure nake tambaya. Tun makon farko na kira yaron nan mai adaidaita, Sudheesh da kuke ce wa Sudhi, na ce ya taimake ni. Uwarsa ke ɗaurawa. Kullum kamu ɗaya, bai taɓa fashi ba, yana ajiyewa sai ya kira ni ya ce Mash, an kai. Ko kin raina shi ne don na gida ne?"

Ban maimaita mata nan da nan ba.

Matajin ya faɗi ƙasa.

"Me ya ce, mole? Ƙarya yake shirgawa ko?"

Na sunkuya na faɗa mata, kalma bayan kalma. Ta kai hannu ta shafa farin gashinta. Sannan ta matso da fuskarta jikin wayar har ita ma hancinta kawai ake gani.

"To ka daina ɗaga wa mutane hannu," ta ce.

Mash ya cire tabarau yana share ido da gefen zanen da ya ɗaura a ƙugu. Ta ce in kawo mata kunu, in sa ɗan yaji, kuma in daina kuka a kanta, gashinta ya jiƙe.

Na samu Jisha a ɗakin magani, na rufe ƙofa don kada Minnu ta ji. Ba ta musa ba. Ta ce doka ce, duk abin da ba za a fesa wa magani ba ba ya shiga wurin tsofaffi, fure kuwa in aka fesa masa ya lalace. Ta ga asara ce a zubar.

"Kanki fa?" na ce. "Shi an fesa masa? Kullum kina sunkuyawa a kansu kina gwada numfashinsu da furen nan a wuyanki."

Ta ce ba ta san tsohuwar za ta ɗauki abin da zafi ba.

"Kin san ni zan ɗauka da zafi."

A nan ta ɗago ido. Ta ce ita ma mutum ce, tun tana makaranta take son sa, ni kuwa na riga na yi nawa auren, me ya sa zan ci sau biyu wata ba ta ci ko sau ɗaya ba? Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Amma na miƙa hannu. Ta kwance furen ranar ta ba ni, ya riga ya fara ja.

Ban kai ƙararta ofis ba. Mash ne ya kai, ya kuma yi wa shugabar gidan darasi mai tsawo ta waya. Aka tambayi likita, ya ce a ɗauraye furen da ruwa a wanke hannu, shi ke nan. Aka mayar da Jisha ɓangaren maza, karɓar kaya ya dawo hannuna.

Da safe na sa safar hannu na tafi bakin ƙofa.

Yana tsaye a bayan teburin, ruwa yana zuba daga lemar adaidaitarsa. Ya rame shi ma. Mash ya riga ya gaya masa komai.

"Wato saboda fure ne," ya ce.

Na ce buhun shinkafar ya jiƙe.

"Ambili. Wata nawa ina zagin kaina, ina faɗa da uwata a kan abin da ba ta yi ba. Kalma ɗaya ta gagare ki?"

"Kai kalma ɗaya ta gagare ka? Kana ba wata fure a gabana kana mata dariya."

"Cewa nake a gaida Kalyaniyamma."

"Da dariya ake gaisuwa?"

Ya kalle ni, sai na ga idanunsa sun ƙanƙance a saman takunkumi. Daɗi yake ji! Ni ina ƙonewa shi daɗi yake ji. Ya zaro ƙullin ganye ya ajiye. Ya sake sa hannu a aljihu ya zaro na biyu.

"Wannan na mai kishi ne."

Ban buɗe ba sai da na koma ciki. Na farko ɗaurin uwarsa ne, tsaf. Na biyu kuwa abin tausayi, ƙulli wani ƙato wani sako-sako, rabin furen ya karye a wuya, zaren ma na ɗinkin kujerar adaidaita ne. Uwarsa ta ce hannunta ba zai ɗaura wa bazawara fure ba, shi ne ya zauna ya ɗaura da yatsunsa na riƙe sitiyari.

Na kai wa Kalyaniyamma nata. Ta shinshina, ta ce na gida ne, an cuce shi. Na sa mata. Ta ga ɗayan a hannuna ta ce na wane ne. Da na faɗa mata ta ce in juya.

Na ce ba ya halatta gare ni.

"Me ta ce?" ta tambayi Minnu, sannan ba ta jira amsa ba ta finciko kitsona. Malama Sarojini, da ke leƙe daga ƙofa, ta fara cewa a zamaninsu dai... Kalyaniyamma ta ce a gaya wa Sarojini ta koma tagarta.

Shekara huɗu rabon da kaina ya ɗauki nauyin fure.

Ba shi da nauyi ko kaɗan, amma sai da na zauna.

Saura uwar Sudhi. Ta ji kunya ƙwarai da ta san furen da take ɗaurawa da sunan tsohuwa sa'ar uwarta ƙwace shi Jisha take yi a hanya, don da hotunan Jisha suka fara zuwa ta ɗauka ɗanta ne ke fakewa da tsohuwar, har tana murna. Ta daina ɗaukar wayar Jisha, amma ba ta ce ta yarda da ni ba. Kalyaniyamma ce ta sa aka kira mata ita don ta yi godiya. Daga godiya ta shiga maganata. Ta faɗi yadda nake wanke ta, yadda na riƙe kanta da ƙarfi na hana ta mutuwa, ta ce wadda ta iya da tsofaffi talatin za ta iya da suruka ɗaya. Ina jin uwar Sudhi a wayar tana ta kawo dalilai, wai taurarin haihuwarmu ba su dace ba, dangi, abin da mutane za su ce. Ko ɗaya bai shiga kunnen Kalyaniyamma ba. Ta ƙare da cewa, "Yawwa, na san za ki yarda, ke 'yar mutunci ce," ta miƙo mini wayar.

Ba a yi wa mai tamanin musu sau biyu. Sai da aka ɗauki watanni, amma ta sauko.

An ɗaura aurenmu a tsakar gidan da aka sassauta doka, mutum kaɗan, kowa da takunkumi, tsofaffi suna kallo daga baranda biyu. Ranar aka bar Mash ya sauko, aka ajiye kujerarsa kusa da ta matarsa. Furen kaina uwar Sudhi ce ta ɗaura, ta miƙo mini ba ta kalle ni ba. Minnu ta tambayi Sudhi da ƙarfi ko yanzu zai daina ba Anti Jisha fure. Ya ce ta tambayi uwarta ko ta yarda ya gaida mutane.

Har yau ban yarda ya gaisa da dariya ba.

Mash ya rasu a damina ta gaba, ba korona ba, ƙirjinsa ne. Washegarin da aka ƙona gawarsa bisa al'adarmu Sudhi ya tsaya a ƙofa da ƙullin ganye a hannu, bai san ko ya ajiye ba. Na karɓa na kai mata, ina shirin ta ce in mayar. Ta juya mini baya da kanta.

"Ya ce kar a daina," ta ce. "In Sarojini ta yi magana, ba na ji."

Ke da kike karanta wannan, in kina da tsohuwa ko tsoho a irin gidan nan, kada ki taɓa yarda da "an kai". Ki kira, ki ce a nuna miki fuskarta, ki dubi kanta, ki dubi kwanonta. In ta juya bango, ki sa a juyo da ita. Idan kuma kin ga furen da kika san bishiyarsa a kan wata, kishi za ki yi, ni ma na yi, kuma ba zan ce ki bari ba. Amma ki je ki tambayi mutumin a ranar, kafin ki kwana. Kada ki zauna kina shaƙar ƙamshi kina shiru, don a ɗakin ƙarshe wata tana iya ajiye cokali saboda shirun nan naki.